Busa da Rubutu: Waƙoƙin Kirsimeti na Jamus a Kunnen Kurfai da Tondikandiya

Watan Disamba a ƙasar Kurfai da Tondikandiya lokacin ɗari ne da hutun manomi. An gama girbi, an kai dammunan hatsi rumbu, iskar hunturu tana bin Dallol Boso daga Filinge zuwa Damana, samarin da ba su tafi cin rani ba sun koma fagen kokowa, gidajen da ke da aure sun sa rana. A ran 18 ga watan ne kuma aka saba yin bikin Jamhuriya, tunawa da shekarar 1958, ranar da ake jin badujalar soja ta rediyo tana busa taken ƙasa. A daidai wannan lokaci, can a Jamus, mutane ne ke fitowa cikin sanyi da kayan busa na tagulla, su tsaya a kasuwa, ko a ƙofar asibiti, ko a kan hasumiyar majami'a, suna busa waƙoƙin Kirsimeti, watau bikin da Kirista ke yi na haihuwar Annabi Isa.

Ba a busa waɗannan waƙoƙi a Filinge ko a Damana, don kuwa mutanen yankin Musulmi ne, Hausawa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani. Wanda ya taɓa jin su, ta rediyo ya ji ko ta wayar hannu. Jamus dai ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe tun da aka buɗe sashen Hausa na Muryar Jamus a 1963. Dalilin kawo su cikin wannan mujalla shi ne, al'adar busar nan ta Jamusawa ɗiyar rubutu ce. Wata shawara da aka yanke a kan yadda za a sa sauti a takarda ita ce ta mai da manoma da masaƙa mabusa, ita ce kuma ta yi musu shinge. Irin wannan shawara ce masu tsara yaƙi da jahilci a Nijar suka yanke a 1966, suka warware ta bayan shekara 15, kuma har yau akwai sauran abin da ba a kammala ba.

Waƙoƙin da kansu

Kalmar gargajiya da ake liƙa wa waɗannan waƙoƙi a bayan faifai tana bukatar a tsaya a kanta, domin ta tara abubuwan da ƙarni biyar suka raba. Waƙar da ake kira In dulci jubilo ta fito ne daga ƙarni na 14, kuma Jamusanci ne da Latinanci a sarƙe, kamar yadda malaman ƙasar Hausa kan saƙa Larabci cikin baitin Hausa. Es ist ein Ros entsprungen an buga ta a littafin waƙoƙin garin Speyer a 1599, Michael Praetorius ya tsara ta ga murya huɗu a 1609. O du fröhliche kuwa Johannes Falk ne ya rubuta ta a Weimar bayan yaƙe-yaƙen Nafoliyon, don marayun da ya tara a gidansa, ya ɗora ta a kan raujin wata waƙa ta tsibirin Sisili. Biyu daga cikinsu sun isa a yi nazari a kai, saboda sun tsaya a gefe biyu na matsalar.

Ta farko ita ce Vom Himmel hoch, ta Martin Luther, wadda aka buga a 1535. Baiti 15 gare ta, kowane baiti ɗango huɗu, kowane ɗango gaɓa takwas. Da farko Luther bai ƙirƙiro mata rauji ba, aro ya yi daga wata waƙar wasan kacici-kacici da samari da ƴanmata ke yi a dandali, sai a 1539 ta sami raujin da aka san ta da shi yanzu. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga mai nazarin waƙar Hausa: Aliyu Namangi ya ɗora Imfiraji a kan karin caji, watau ya ƙwace wa masu shagali abin hawansu ya aza masa wa'azi. Har wa yau Luther, sa'ad da yake ɗan makaranta a Eisenach wajen 1500, yana cikin yaran da ke bin gida gida suna waƙa a ba su abinci. Wanda ya san almajiri da ƙoƙonsa, ko ya ga ƴan tashe cikin watan azumi, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Wannan yawo na gida gida shi ne mabusan Jamus suka gada, suna yin sa har yau a ƙauyuka cikin makwannin da ke gabanin Kirsimeti.

A cikin dukan waƙoƙin, wannan ce ta fi dacewa da busa, kuma dalilin a gininta yake. Kusan kowace gaɓa tana da sautinta guda, ba a ja ta ba a lanƙwasa ta. Kowane ɗango yana ƙarewa inda numfashi ke ƙarewa. Raujin bai wuce hawa takwas na tsanin sauti ba, ɗango na ƙarshe kuma yana saukowa daga matakin sama zuwa na ƙasa, abin da ya dace da zancen mai saƙon da ya sauko daga sama. Mabushi ba ya bukatar wata gwaninta kafin ya fitar da ita, mai sauraro kuwa yana iya bin kalmomin a zuci, gaɓa bayan gaɓa, ko da babu bakin da ke furta su.

Ta biyu ita ce Stille Nacht, wadda ta fi kowace yaɗuwa a duniya, alhali ba ma a Jamus aka haife ta ba. Joseph Mohr ya rubuta baitocinta shida a 1816, Franz Xaver Gruber ya yi mata rauji, aka fara rera ta ran 24 ga Disamba 1818 a Oberndorf, kusa da Salzburg ta ƙasar Ostiriya, da murya biyu da jita. Waƙar reno ce, tafiyarta irin ta mai jijjiga jariri. Gaɓarta ta farko ma a kan sauti biyu aka shimfiɗa ta, kuma raujin yana hawa har ya wuce inda muryar talaka ke kaiwa cikin sauƙi. In aka ba mabusa ashirin ita, sai su rage mata sauri don su riƙe numfashi, laushin ya koma nauyi, renon ya koma jana'iza. Sanin da duniya ta yi mata ne ke rufa wa busarta asiri, ba dacewa ba.

Kakakin Turai da kakakin fada

Busar tagulla a Jamus ba a majami'a ta fara ba, a fada ta fara. A 1623 Sarkin Daular Rum ta Jamusawa, Ferdinand na Biyu, ya ba masu kakaki da masu tambura izini na musamman, wanda ya keɓe kayan nan biyu ga sarakuna da mayaƙansu. Haka abin yake a ƙasar Hausa, inda Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su, kuma har gobe ba a busa wa talaka kakaki kome dukiyarsa. Biranen Jamus sai suka ɗauki nasu mabusan na albashi, masu turombon, watau abin busa mai bututun da ake ja ana turawa, da wani ƙaho na itace mai huda. A Laifzig aikinsu ne su hau hasumiyar majalisar gari da ƙarfe goma na safe su yi busa. Johann Pezel ya buga kiɗa 40 na wannan sa'a a 1670, Gottfried Reiche ya buga 24 a 1696. Waɗannan ne ainihin tsofaffin kiɗe-kiɗen da ƙungiyoyin busa ke haɗawa da waƙoƙin Kirsimeti a faifai, ko da yake ba don Kirsimeti aka yi su ba.

Babban misali na shigar kiɗan fada cikin ibada shi ne na Johann Sebastian Bach. Kiɗansa na Kirsimeti, wanda aka fara yi a Laifzig ran 25 ga Disamba 1734, da tambura da kakaki uku yake buɗewa. Wannan buɗewa kuwa ba sabuwa ba ce: a Disamba 1733 ya shirya ta don murnar ranar haihuwar sarauniya Maria Josepha, daga baya ya cire kalmomin ya sa wasu. Mutanen Laifzig da suka ji ta sun fahimci abin da ake nufi tun kafin a buɗe baki, domin tambari da kakaki ba su da ma'ana sai ɗaya, sarki ya iso.

Ta fuskar ƙira, kakakin zamanin Bach da kakakin Hausa ƴan gida ɗaya ne. Dukansu dogon bututu ne na ƙarfe wanda ya wuce mita biyu, babu huda babu maɓalli, leɓen mabushi ne ke zaɓen sauti. Bature ya naɗe nasa ya ƙuntata bakin, ya koyi hawa can sama inda sautuka ke kusa da juna, don ya sami rauji. Maɓallan da suka sauƙaƙa aikin ba a yi musu rajista a Barlin ba sai a 1818, shekarar da aka fara rera Stille Nacht. Bahaushe ya bar nasa a miƙe, ya tsaya a kan sauti biyu, wani lokaci uku. Masu yawon buɗe ido sun sha rubuta cewa wannan gazawa ce. Kuskure ne. Kakaki magana yake yi, kuma harshen Hausa kari biyu gare shi, na sama da na ƙasa, sai faɗau wanda haɗuwarsu ce. Sauti biyu sun ishe shi ya faɗi take da kirari, matuƙar mai sauraro ya riga ya san kalmomin.

Ƙasar Kurfai ba ta da tsohuwar fada irin ta Katsina ko Gobir ko Damagaram. Sarautar Filinge a zamanin Faransawa ta kafu, a hannun Gado Namalaya, a farkon ƙarni na 20, kuma wanda ke son ya ga kakaki cikin cikakkiyar shigarsa sai ya nufi Doso, fadar Zarmakoy, ko Tsibirin Gobir. Amma maganar kayan kiɗa tana nan a Kurfai ta wata ƙofa. A 1925, a Shikal, wata mace mai suna Shibo ta fito da sababbin iskoki, waɗanda Hausawa ke kira Babule, Zabarmawa kuma Hauka. Iskokin nan sojoji ne da gwamnoni da kwamandoji, suna fareti suna sara wa juna. Kwamandan Crocicchia ya kulle mabiyansu a Yamai, daga baya al'adar ta bi ƴan cin rani har Ankara ta ƙasar Gana, inda Jean Rouch ya ɗauke su a fim ɗin da ya fito a 1955. Abin lura ga wannan nazari shi ne, duk da sun ari tafiyar soja da muƙamansa, da goge da ƙwarya ake kiran su, kamar sauran iskoki. Kowane iska da takensa, mai goge yana faɗin kirarinsa da tsirkiya, ƴan bori suna jin kalmomin da ba a furta ba. Begila ba ta iya wannan aiki ba, don ba ta jin Hausa ko Zabarmanci.

Rubutun Kuhlo

Hoton da aka saba gani na talakawa suna busa waƙoƙin Kirsimeti da murya huɗu bai kai shekara 200 ba. Ƴan ɗariƙar Herrnhut suna da mabusa tun 1731, amma yaɗuwar abin daga yankin Westfalen ta taso, a ƙauyen Jöllenbeck wajen 1843, cikin wani yunƙuri na farfaɗo da addini tsakanin manoma da masaƙa. Limaman Kirista biyu ne suka ba shi siffa, Eduard Kuhlo da ɗansa Johannes Kuhlo, wanda aka haifa a 1856, ya yi aiki a Bethel daga 1893, ya rasu a 1941.

Matsalar da Johannes Kuhlo ya tarar ta rubutu ce. A al'adar badujalar soja da manyan ƙungiyoyin kiɗa, ba a rubuta wa mai kakaki sautin da zai fito, ana rubuta masa wanda ke sama da shi da mataki ɗaya, saboda yadda aka ƙera kayan. Ke nan kowane mabushi da takardarsa dabam, kuma ba ta yi daidai da littafin da jama'a ke riƙe da shi a majami'a ba. Kuhlo ya yar da wannan. Ya sa a rubuta sauti yadda kunne ke jin sa, muryoyi huɗu a shafi ɗaya, aka sake koya wa yatsu inda za su danna. Daga nan manomi yana iya buɗe littafin waƙoƙin majami'a ya busa abin da maƙwabcinsa ke rerawa, yana ganin kalmomin a gabansa. Kuhlo ya kuma fifita wani ƙaho mai faɗin ciki mai taushin amo a kan kakaki mai kaifi, don a ganinsa busa kwaikwayon muryar mutum ce, aikinta ta tuna wa mai ji kalmomin waƙa.

Nasarar ba ta da musu. Ƙungiyoyin nan sun kai kimanin 6,000, mabusansu sun wuce 100,000, a Laifzig a 2008 sama da 16,000 suka yi busa tare, a 2016 kuma aka sa al'adar cikin jerin abubuwan gado na ƙasar Jamus. Amma rubutun yana da ɗaya fuskar. Yaron da ya koyi busa ta hanyar Kuhlo ba ya iya karanta takardar badujala ko ta masu kiɗan rawa, kuma masu tarihin ƙungiyoyin sun nuna cewa shugabannin ba su ƙi wannan sakamako ba, don ya hana samari zuwa gidan giya da ƙahonsu. Rubutun da ya buɗe musu littafi ɗaya ya rufe musu sauran. Ya kamata kuma a faɗa, tun da ana yabon mutumin, cewa Kuhlo ya shiga jam'iyyar Hitila a 1932, abin da magadansa suka daɗe ba su so a ambata.

Bayan yaƙin duniya na biyu Wilhelm Ehmann ya juya akalar zuwa amo mai kaifi irin na zamanin Pezel da Reiche. Daga baya ƙwararru suka shigo, irin ƙungiyar Ludwig Güttler ta Dresden da aka kafa a 1978, da German Brass wadda asalinta ya koma 1974. Gwanintarsu ba abin rainawa ba ce, kuma a kiɗan hasumiya na ƙarni na 17 babu wanda ya kama ƙafarsu. A waƙoƙin Kirsimeti ne ake samun cikas. Mai tsara kiɗa yakan yi wa raujin ado, ya sassaƙa shi, ya mimmiƙa shi tsakanin kaya goma, har ɗango mai gaɓa takwas ya ɓace cikin sauti arba'in. Mai sauraro sai ya daina bin kalmomi ya koma kallon gwaninta. Irin haka ke faruwa ga kakaki in aka hau da shi dandalin bikin al'adu, gaban mutanen da ba su san taken kowa ba: ana tafa masa don tsawonsa da ƙararsa, maganarsa kuwa ta faɗi ƙasa.

Bamako 1966, Yamai 1980

A taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 an ba da shawarar a riƙa ninka wasali in dogo ne. Nijar ta karɓa, ma'aikatar yaƙi da jahilci ta buga littattafai da jaridun karkara a kan haka, kuma sunayensu ma shaida ne, Gangaa da Saabon Ra'ayii. Nijeriya ba ta karɓa ba. Hujjar masu ninkawa ita ce hujjar Kuhlo: a rubuta abin da kunne ke ji, don manomin da ya fara karatu da girma kada ya yi ta cinta. Sakamakon ma iri ɗaya ne. Wanda ya koyi karatu a ajin dare a Filinge, in Gaskiya Ta Fi Kwabo ko wani littafin Zariya ya faɗo hannunsa, sai ya ga rubutun ya saɓa wa wanda aka koya masa, alhali littattafan Hausa mafi yawa daga can suke fitowa. A Janairu 1980 aka yi taron daidaita ƙa'idoji a Yamai, a 1981 gwamnatin Seyni Kunce, ɗan Fandu ta Tondikandiya, ta fitar da ƙa'idar da ta bar ninka wasali, aka sake tabbatar da ita a 1999.

Wannan gyara daidai ne ga jarida da wasiƙa da littafin lissafi, domin mai harshe yana gane kalma daga maƙwabtanta. Amma an yi shi kamar dukan rubutu iri ɗaya ne, aka manta da waƙa. Boko na yau yana rubuta baƙi da wasali, ya bar tsawon wasali da karin harshe. Kakaki da goge da kalangu kuwa ba su da baƙi ba su da wasali, tsawo da kari kaɗai suke ɗauka. Watau duk abin da kayan kiɗa ke faɗi, shi ne daidai abin da ƙa'idar ta zubar. Ajami ya fi boko adalci a nan, tun da yana nuna dogon wasali da alif da wau da ya, shi ya sa mai karanta tsohuwar waƙa a ajami ba ya ɓata ma'auninta. A Tondikandiya abin ya fi fitowa fili, saboda ƙa'idar Zabarmanci ta riƙe ninka wasali: yaron Damana yana ganin tsawon wasalin harshensa a allo, yaron Filinge ba ya ganin nasa.

Fassarar waƙoƙin Jamus zuwa Hausa ita ce ta fi nuna illar. Ƴan mishan na SIM sun zauna a Damagaram a 1924, suka bi da Tsibiri da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, da Littafin Waƙoƙi na Hausa a hannunsu. Abin da ya zo daga Jamus ta Ingilishi ko Faransanci ya biyo, watau fassarar fassara ce. Littattafan waƙoƙin Turai kuwa da ƙidayar gaɓa suke auna ɗango, don a Jamusanci da Ingilishi ƙarfin furuci ne ke riƙe ma'auni. A Hausa nauyin gaɓa ne ke riƙe shi, kamar yadda Joseph Greenberg ya nuna a 1949, M. K. M. Galadanci ya faɗaɗa a 1975: gaɓa mai nauyi tana cin lokacin marasa nauyi biyu. Mai fassarar da ya ƙidaya takwas ya tsaya, bai auna kome ba.

Alal misali, labarin Kirsimeti ba ya yiwuwa sai an ambaci garin Baitalami. Gaɓar farko ta gari, wurin zama, marar nauyi ce. Ta gaari, abin tuwo, mai nauyi ce. Karinsu ɗaya, rubutunsu ɗaya a ƙa'idar yau. In gaɓar ta faɗa kan dogon sauti, jama'a za su rera abin tuwo ne da iyakar gaskiyarsu. Haka duk wanda ya buɗe fassarar Stille Nacht da kalmar dare, ya aza gajeriyar gaɓa a kan sauti biyu masu ja, ya haifi kalmar da babu ita a harshen. Kalmar makiyaya, marasa nauyi biyu da masu nauyi biyu, in aka jera ta a kan sautuka huɗu masu tsawo ɗaya irin na Luther, sai ta yi tafiyar gurgu. Karin harshe ya fi haƙuri. Paul Richards ya auna wata waƙar Hausa a 1972 ya ga rauji yana bin kari fiye da yadda dace zai kawo, amma ba dole ba, nazarin Bruce Hayes da Russell Schuh na 2019 kuma ya tabbatar da cewa nauyin gaɓa ne mawaƙi ba ya sakaci da shi. Duk da haka kuka na ido da kuka ta daji kari ne kaɗai ya raba su, kuma rauji mai saukowa yana iya mai da ɗaya ɗaya. Sabo ya sa masu ibada ba su jin waɗannan tuntuɓe, amma ba banza ba waƙoƙin da ƙungiyoyin zumuntar mata suka ƙirƙira da kansu, da jagora da amshi, suka fi na littafin rai a bakin jama'a.

Ba a bukatar a sake taɓa ƙa'idar 1999. Abin da ake bukata ƙaramar ƙa'ida ce ta biyu, ta littafin waƙa da na take da kirari kaɗai, kamar yadda ƙamus ke da tasa. A shafin irin wannan littafi layi na farko ya zo da rubutun kowa da kowa, don kada a sake gina shingen Kuhlo. Layi na biyu ya nuna tsawon wasali da kari a kan kowace gaɓa. Layi na uku ya nuna abin da goge ko kalangu ko algaita ke yi a daidai gaɓar, ko da da alama biyu ce kawai, sama da ƙasa, wadda malamin ajin dare zai iya koyarwa cikin mako guda. Kuma a bar wa Kurfayanci furucinsa a layi na biyu, da hw da h inda daidaitacciyar Hausa ke da f, tun da J. G. Malka ya riga ya bayyana bambancin Hausar Filinge a mujallar Harsunan Nijeriya, kuma mawaƙi da karin garinsu yake auna ɗango.

Cibiyoyin Yamai, IRSH da CELHTO, sun tara faya-fayan adabin baka tun shekarun 1960, cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya kuma, wadda aka buɗe a 1989, ta tara kayan kiɗan. Faifan da ke ɗauke da taken goge ba tare da kalmominsa ba rabin aiki ne, sauran rabin yana bakin tsofaffin masu goge da sanƙirori na Shikal da Damana da ƙauyukan Dallol. Rashin tsaron da ya addabi arewacin jihar Tilaberi tun shekarun 2010 ya sa zuwa wurinsu ya yi wuya, wasunsu kuma sun yi ƙaura zuwa Filinge da Balleyara da unguwannin Yamai, inda mai bincike zai iya samun su da faifan a hannu ya kunna musu su faɗi abin da tsirkiyar ke cewa.